Mace za ta iya koyar da Maganar Allah a taron gida inda akwai maza?

'Yar Kaltungo, daga Riyad:

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Akwai wata magana da ta tsaya wa ƙaramin zumuncinmu a rai, kuma ina roƙon waɗanda Allah ya ba su sanin Littafi Mai Tsarki su taimake mu da amsar da ta tsaya a kan Nassi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Riyad. Duk wanda yake zaune a ƙasar nan ya san babu ginin coci ko ɗaya a Saudiyya, kuma ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya yi ibadarsa a fili ba. Lahadi ma ranar aiki ce, tunda hutun mako Juma'a ne da Asabar. Saboda haka da safiyar Juma'a muke taruwa a falon wani ɗan'uwa da matarsa, mu rufe ƙofa da tagogi, mu yi waƙa biyu ko uku da murya ƙasa-ƙasa, ba ganga ba tafi, mu karanta Nassi, mu yi addu'a, sa'an nan mu ci abinci tare kafin mu watse ɗaya bayan ɗaya. Yawancinmu mata ne masu aikin jinya daga Gombe da Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, wasu 'yan ikilisiyar ECWA, wasu 'yan COCIN, wasu 'yan EYN, harshen Hausa ne ya haɗa mu. Maza uku ne kawai, kuma ba kowace Juma'a suke samun zuwa ba saboda aikin dare.

A cikinmu akwai wata uwa wadda ta yi makarantar Littafi Mai Tsarki a gida kafin ta shiga aikin jinya, ta kuma daɗe tana shugabancin Zumuntar Mata a ikilisiyarsu. Maigidan da muke taruwa a wurinsa shi da kansa ya roƙe ta ta riƙa yi mana bayanin Nassi, domin ya ce shi karatu kawai ya iya, ba shi da baiwar koyarwa. Ta ɗauko mana wasiƙar Romawa tun daga farko, muna bi sura-sura, har mun kai sura ta takwas, kuma ni kaina ban taɓa fahimtar barata ta wurin bangaskiya kamar yadda na fahimce ta a bakinta ba.

Kwanan baya wani ɗan'uwa sabon zuwa ya shigo cikinmu. Bayan an tashi, ya ja maigidan gefe cikin ladabi, ya buɗe masa 1 Timoti 2:11-12, inda Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba, ya ce lamirinsa ba zai bar shi ya zauna a ƙarƙashin koyarwar mace ba. Da maganar ta kai kunnen Mama, ba ta yi gardama ba, sai ta ce ba za ta zama sanadin tuntuɓe ga kowa ba, ta daina. Yanzu maza ne suke karanta sura bi da bi, su faɗi kalma biyu uku, a rufe da addu'a. 'Yan'uwa mata biyu sun daina zuwa, sun ce gara su huta bayan aikin awa goma sha biyu.

Tambayata ita ce, wannan aya ta shafi taro irin namu, inda babu fasto, babu dattawan da aka zaɓa, babu bagade? Idan ta shafe mu, me ya kamata mu yi da baiwar da Allah ya ajiye a tsakiyarmu? Ba na so mu karya umarnin Ubangiji don kawai karyawar ta fi mana sauƙi, ba na kuma so mu zauna da yunwa alhali abinci yana cikin gida.

Dattijo a Dammam:

'Yata, Ubangiji ya sa miki albarka saboda yadda kika kawo maganar ba tare da kin zagi ɗan'uwan ba. Na yi hidimar dattijo a ikilisiyarmu kafin aiki ya kawo ni gabashin ƙasar nan, kuma zan faɗa miki matsayina a sarari tun daga farko: ina cikin waɗanda suka gaskata cewa 1 Timoti 2:12 tana nan da ƙarfinta har yau. Na san akwai masu cewa Bulus ya rubuta ta ne saboda halin da ake ciki a Afisa, inda ya bar Timoti domin ya tsawata wa masu koyarwar ƙarya, kamar yadda sura ta ɗaya aya ta uku ta nuna, a birnin da haikalin allahiya Artimas ya mamaye rayuwar jama'a. Wannan tarihi gaskiya ne. Amma da Bulus ya zo ba da dalilinsa a aya ta 13, bai ambaci Afisa ba, sai ya koma can farkon halitta, ya ce Adamu aka fara yi, sa'an nan Hauwa'u. Dalilin da aka ɗauko daga Farawa ba ya ƙarewa a bakin ganuwar gari ɗaya.

Duk da haka, ɗan'uwanmu ya tsaya a aya ɗaya bai ƙarasa karatun ba. Da zarar an gama sura ta biyu, sura ta uku ta shiga zancen wanda ya cancanci zama mai kula da ikilisiya, cewa ya zama mijin mace ɗaya, mai iya koyarwa, mai sarrafa gidansa da kyau. A fahimtata, abin da Bulus ya keɓe wa maza shi ne wannan matsayi, wato koyarwa mai ɗauke da ikon shugabanci, wadda take tsayar da abin da ikilisiya za ta gaskata, take kuma hora wanda ya kauce. Da a ce ya hana mace buɗe baki gaba ɗaya ne, da bai rubuta a 1 Korantiyawa 11:5 yadda mace za ta yi addu'a ko annabci a cikin taro ba, da kuma bai gaya wa dukan Kolosiyawa, maza da mata, su riƙa koya wa juna da yi wa juna gargaɗi a 3:16 ba. Ko a 1 Korantiyawa 14, inda aya ta 34 ta ce mata su yi shiru, aya ta 26 ta riga ta nuna taron da kowa yake zuwa da waƙa ko koyarwa. Dole mu riƙe waɗannan ayoyi duka tare, kada mu ɗauki ɗaya mu buge sauran da ita.

Abin da ya fi damuna a labarinki ba Mama ba ce, mazan ne. Namijin da ya ce Allah ya ɗora wa maza nauyin jagoranci, shi ya kamata ya fara sunkuyawa ya ɗauki nauyin. Idan ɗan'uwan ya tsayar da koyarwar da take ciyar da mutane, sa'an nan ya maye gurbinta da karatun sura da kalma biyu uku, to bai cika 1 Timoti ba, domin wasiƙar nan ita ce ta ce mai kula ya zama mai iya koyarwa, ta kuma ce wa Timoti ya lazimci karatu da gargaɗi da koyarwa. Shugabancin da Afisawa 5:25 ta kwatanta shi ne na Almasihu wanda ya ba da kansa domin ikilisiya. Ban ga inda aka ce shugaba shi ne wanda ya sa wani ya yi shiru ya koma ya zauna ba.

Shawarata ita ce maigidan ya karɓi alhakin taron a fili, tunda a ƙarƙashin rufinsa kuke, shi zai buɗe, shi zai rufe, shi za a kai wa ƙara idan wata koyarwa ta karkace. Sa'an nan ya roƙi Mama ta ci gaba da bi da ku cikin Romawa a matsayin nazari na tambaya da amsa, kowa da Littafinsa a buɗe, mazan kuma su zauna da ita a tsakiyar mako, ko ta waya ce, su shirya darasin tare. Ta haka su ma za su koya, har wata rana ɗayansu ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Maman Zumunta, Jidda:

Baba Dattijo, na gode da wannan bayani, kuma na yarda da yawancinsa, sai dai ina so in ƙara wani abu da nake ganin ya fi kusa da halin da 'yarmu take ciki. Idan muna neman mutanen da suka yi kama da mu a Sabon Alkawari, to ga Bilkisu da mijinta Akila. Su ma baƙi ne masu neman abinci a ƙasar wasu. Ayyukan Manzanni 18 ta ce sun baro Roma ne domin sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga birnin, suka sauka a Koranti suna sana'ar ɗinkin tanti, daga nan suka bi Bulus zuwa Afisa, daga baya kuma muka same su sun koma Roma. A Afisa da Roma duka ikilisiya tana taruwa a gidansu, kamar yadda 1 Korantiyawa 16:19 da Romawa 16:5 suka shaida. Sa'ad da Afolos ya zo Afisa, mutum mai iya magana, masanin Littattafai, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani, su biyun ne suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa tafarkin Allah sosai. Luka, marubucin littafin, bai ce Akila ya koyar Bilkisu tana dafa abinci ba. Kuma a Afisa ɗin nan ne abin ya faru, garin da Timoti yake sa'ad da aka rubuta masa wasiƙar da ake magana a kai, har Bulus ya aika wa ma'auratan gaisuwa a 2 Timoti 4:19. Ba na jin manzon zai kira mace abokiyar aikinsa cikin Almasihu Yesu idan abin da ta yi wa Afolos laifi ne a wurinsa.

Haka ikilisiyar Filibi ta fara, da taron mata masu addu'a a bakin kogi, da Lidiya mai sayar da tufafin shunayya wadda ta buɗe gidanta. Haka Nimfa a Kolosiyawa 4:15, da Fibi mai hidimar ikilisiyar Kankiriya, da 'ya'yan Filibus mai bishara su huɗu masu annabci. Timoti kansa daga wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gaji bangaskiya.

Mu ma a ƙasarmu ba a nesa abin yake ba. Johanna Veenstra ta iso Nijeriya a 1920 a ƙarƙashin mishan ɗin SUM, wato Sudan United Mission, ta zauna a Lupwe kusa da Takum tana wa'azi tana koyar da samari waɗanda suka zama masu bishara, har ta rasu a 1933 aka binne ta a Vom. Ikilisiyoyin yankin Taraba ba sa ɓoye cewa a kan wahalarta suka tsaya. Wanda kuma ya tashi a ƙauye ya san cewa a majami'u da yawa, ranar da mai bishara ya yi tafiya, matan Zumunta ne suke riƙe da addu'ar asuba, su ziyarci marasa lafiya, su haddace ayoyi su sa su a waƙa da tulu da kacau-kacau har wanda bai iya karatu ba ya riƙe su. ECWA da COCIN da EYN ba sa naɗa mace fasto, ni kuma ban zo nan neman a naɗa kowa ba. Amma ban taɓa jin ɗayansu ta ce mace ta ga 'yan'uwanta suna bushewa ta rufe Littafinta ba.

Akwai kuma wani abu da nake roƙon mu bincika a zukatanmu da gaskiya. Mun taso a al'adar da mace ba ta ɗaga murya a gaban maza, muka zo ƙasar da sai a 2018 aka bar mata suka fara tuƙa mota, inda kusan ko'ina aka saba raba wurin maza da na mata. Mutum yana iya shan wannan iska har ta zame masa kamar Nassi bai sani ba. Ba ina cewa haka ya faru da ɗan'uwan ba, domin ban san zuciyarsa ba, ayar da ya kawo kuma tana nan a rubuce. Ina cewa ne kawai kowannenmu ya tambayi kansa ko rashin jin daɗinsa daga Bulus ya fito ko daga zauren gidan kakansa. Ni ma da nake goyon bayan Mama dole in tambayi kaina ko Nassi nake bi ko zafin ganin an danne mace.

'Yata, ki je ki duba waɗannan 'yan'uwa biyu da suka daina zuwa tun kafin a warware sauran maganar. Mace ita kaɗai a ɗakin kwanan ma'aikata, mijinta da 'ya'yanta suna Nijeriya, ta dawo daga aikin dare ba mai yi mata addu'a, jarabobin da suke jiranta ba ƙanana ba ne. Titus 2:3-5 ta ba Mama cikakken izini, har ma umarni, ta koyar da mata ƙanana, kuma wannan babu wanda yake jayayya a kansa.

Ɗan'uwa a Tabuk:

Ina gaishe da iyayena. Da girmamawa nake cewa ban gamsu da misalin Bilkisu ba, domin Nassi ya ce jan Afolos suka yi gefe, ba a cikin taron sujada suka koyar da shi ba, kuma mijinta yana tare da ita. Taron Juma'a da 'yar'uwarmu ta kwatanta kuwa, ko da a falo ake yinsa, shi ne sujadar mako ta waɗannan mutane, ba su da wata. A zamanin Bulus ma duk ikilisiyoyi a gidaje suke taruwa, saboda haka ba za mu ce ayar ta shafi masu ginin coci kaɗai ba. Bambancin da Baba Dattijo ya yi tsakanin nazari da wa'azi yana da kyau a takarda, amma idan mutum ɗaya ne yake bayyana Romawa kowane mako kowa yana saurare, to shi ne malamin taron, ko da wane suna aka kira shi.

Abin da muke yi a nan shi ne, muna sauraron wa'azin fastonmu na gida da ake ɗorawa a intanet, sa'an nan mu tattauna, maza da mata kowa ya faɗi abin da ya koya. Wannan ya raba mu da gardama. Ina kuma roƙo kada a ɗauki ɗan'uwan nan a matsayin mai tayar da fitina. Romawa 14:23 ta ce duk abin da ba na bangaskiya ba ne zunubi ne, kuma mutumin da ya faɗi abin da ke damun lamirinsa a keɓe, cikin ladabi, ya yi abin da ya dace.

Likita a Najran:

Salama. Ɗan'uwana na Tabuk ya yi gaskiya a kan cewa ikilisiyoyin farko na gida ne, kuma wannan hujja ce mai nauyi da bai kamata a tsallake ta ba. Inda na rabu da shi shi ne maganin da ya kawo. Wa'azin da aka naɗa a Jos ko Kaduna an yi shi ne domin mutanen da suke Jos ko Kaduna. Faston bai san wadda kafilinta, wato mai ɗaukar nauyin aikinta a ƙasar nan, ya riƙe mata albashi ba, bai san wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta kusa ƙarewa yana kwana da fargaba ba, ba zai kuma lura da kujerar da ta zama wofi ba. Yana da amfani a matsayin ƙari, amma ba ya zama makiyayi.

Ya kamata mu san cewa wannan saɓani ba a falon Riyad ya fara ba. Masu bin bishara a Amurka sun rabu a kansa tun shekarun 1980. A 1987 wasu suka tsara sanarwar Danvers, wadda ta ce maza da mata daidai suke a daraja amma wasu ayyukan shugabanci da koyarwa a ikilisiya na maza ne, wasu kuma suka kafa ƙungiya mai cewa baiwa ce take ba da hidima ba jinsi ba. Babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka ta rubuta a cikin bayanin bangaskiyarta na 2000 cewa matsayin fasto na maza ne. Da aka yi babban taron masu bin bishara na duniya, wato taron Lausanne na uku, a Cape Town a 2010, takardar da ta fito daga taron ta amince cewa akwai masu ba da gaskiya ga ikon Nassi a ɓangarorin biyu, ta roƙe su kada su hukunta juna. Na kawo wannan ne domin zumuncin da ya haɗa 'yan ɗariku uku ko huɗu ba zai iya warware abin da malaman tauhidi ba su warware ba, amma zai iya yarda a kan tsarin da kowa zai zauna da shi da lamiri mai tsabta.

Ni ina ganin tsarin Baba Dattijo ya isa, da ƙari ɗaya: a tambayi ɗan'uwan kai tsaye ko zai ɗauki koyarwar wasu makonni, ya shirya ta da gaske, Mama kuma ta duba masa shirin a keɓe kamar yadda aka yi wa Afolos. Idan ya yarda da haka, to damuwarsa ta Nassi ce, kuma zumuncin ya sami malami na biyu. Idan har a keɓe ma ya ƙi karɓar gyara daga wurinta, to Ayyukan Manzanni 18:26 ce za a buɗe masa. Ku kuma kiyaye kada maganar ta zama rabuwa mai hayaniya. A garin da nake zaune an kashe masu bi da yawa saboda sunan Almasihu wajen shekara ta 523, a zamanin sarki Zu Nuwas, kuma duk lokacin da na tuna da haka nakan ji nauyin cewa 'yan kaɗan ɗin da muke nan yau ba mu da yawan da za mu tsage gida biyu. Ban da haka, taron da ya rabu cikin fushi shi ne wanda labarinsa yake fita waje, maigidan da ya ba ku falonsa kuwa shi zai fara ɗaukar abin da zai biyo baya, a aikinsa da zamansa a ƙasar.

'Yar Kaltungo, daga Riyad:

Na gode muku duka, iyayena. Na karanta wa maigidan da matarsa amsoshinku, shi kuma ya zauna da Mama da ɗan'uwan. Ɗan'uwan ya yarda zai ɗauki koyarwa Juma'a ɗaya a wata, ya kuma amince Mama ta duba shirinsa, amma ya ce a makonnin da ita za ta jagoranci nazarin zai zo waƙa da addu'a da cin abinci, ya fita zuwa ɗaya ɗakin lokacin darasi. Mama ta ce ba ta riƙe shi da komai ba, za ta ci gaba daga Romawa 8. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka daina zuwa ta yi alkawarin dawowa, ɗayar kuma har yanzu ba ta ɗauki wayata ba, ina roƙon ku sa ta a addu'a.

Wata maganar kuma ta taso a zaman nasu wadda ba mu san yadda za mu yi da ita ba. Akwai waɗanda a cikinmu rabonsu da cin Jibin Ubangiji tun hutunsu na ƙarshe a gida, domin a ikilisiyoyinmu wanda aka naɗa ne kaɗai yake ba da shi. Maigidan ya ce zai rubuta wa rabaran ɗinsu ya nemi izini ko shawara. Baba Dattijo, ku a Dammam yaya kuke yi da wannan?